Gadar da Muka Yi wa Baƙuwa

Jama'a, in akwai wanda ya bi hanyar Bunguɗu jiya da hantsi ya ga wani dattijo cikin babbar riga mai sitati yana tura babur yana surutu shi kaɗai, to ni ne, kuma ba taɓuwa na yi ba. Man 'yan bumburutu na zuba. Na daɗe a layin gidan mai har ni da na gabana muka san sunayen 'ya'yan juna, muka ƙulla zumunci, amma famfo bai ɗiga ba. Da na gaji na koma gefen titi wurin mai galan, ya rantse mini man nasa daga tanka ya fito kai tsaye. Ban ƙaryata shi ba. Laifina ne da ban tambaye shi ko tankar fetur ce ko ta kananzir ba. Babur ya yi tari, ya yi atishawa, muna hango Bunguɗu ya ce ga garinku nan.

Kuma ba yawo na fita ba, aike na aka yi. An ce in je in ɗauko kawuna, Kawu Tukur, maigarin Tungar Bawa da ke can bayan Furfuri, in kawo shi wani otal a nan Gusau domin a karrama shi a gaban manya. Laifin da ya yi har za a karrama shi kuwa, gada ya gina. Ku gyara zama in faɗa muku yadda aka yi, don ni ma da hannuna a ciki dumu-dumu.

Tungar Bawa garin mahaifiyata ne, kuma tsakaninsa da sauran duniya akwai rafi. Da rani yashi ne zalla, jakuna na birgima a ciki. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, mai son kasuwa ko asibiti ya rungumi ƙatuwar gora masu fito su ja shi, in ruwan ya yi fushi su ma masu fiton su koma gindin bishiya su zauna. Bara war haka Inna Asabe, matar Kawu, ta kwanta ciwo. Aka ɗauko ta a amalanken shanu zuwa bakin rafi, mota na jira a wannan ƙetaren, ruwa ya ƙi sauka. A nan bakin rafin ta cika, direba yana hango su. Na faɗi wannan tun yanzu ne don kada dariyar da za ku yi mini nan gaba ta sa ku manta abin da muke nema. Gada muke nema.

Ba wai hukuma ta manta da mu ba, Allah ya tsare ni da yi mata ƙazafi. An aza harsashin ginin gadar nan tun gemuna yana baƙi. Da aka canza masu mulki aka zo aka sake azawa, don na farkon bai da albarkar sababbi. Da aka ba mu sabuwar jiha kuma aka zo da makaɗa da lemo aka ƙara aza wani. Duwatsun suka jeru a bakin rafi da sunayen manya a jikinsu, mata na wanki a kai, sun ce a duk ayyukan raya karkara ba su taɓa samun mai fitar da dauɗa irin wannan ba. Akwai ma ranar da na ji a rediyo an buɗe gadar. Na yi wa Kawu barka, ya ce shi ma ya ji, ya kuma yi murna ƙwarai.

Ana nan sai labari ya zo cewa Turawan nan masu ba da tallafi sun yi fushi, sun ce sun daina damƙa wa gwamnati kuɗinsu, sai dai ƙungiyoyi masu zaman kansu. Na ce madalla, yau kam talaka ya samu. Ashe ban san manyanmu ba. Kafin ka ce me, kowane babban ma'aikaci a garin nan ya kafa ƙungiya. Da safe yana ofis yana yi wa gwamnati aiki, da la'asar yana falonsa yana ceton al'umma daga gwamnati. Uwargida ce ma'aji, direba ne sakatare, ƙanen uwargida shi ne al'ummar. Ofishin ƙungiyar kuwa jaka ce mai zif, duk inda maigida ya ajiye ta nan ne hedikwata.

To roƙo ma sai da ilimi. Wata cibiya ta kama hayar bene ta kafa allo, wai babbar difloma ta bayan digiri a fannin neman tallafi daga manyan hukumomin agaji na duniya. Sai mai digiri ake ɗauka. Ni kuwa ina da ɗan digirina da na yi da tsufa a lokutan hutun makaranta, kafin in ajiye alli in yi ritaya. 'Yan Tungar Bawa mazauna Gusau suka yi taro a ƙofar gidana, babu wanda ya nemi shawarata, suka yanke hukunci.

"Malam Mas'udu, kai ad da takarda," in ji babbansu. "Tahi ka koyo muna roƙon ga na zamani, ka samo muna gada."

Haka na koma ɗalibi da furfurata. Na ma samu abokin tafiya, maƙwabcina Nathaniel, wanda muke kira Baban Godiya, mutumin Kafanchan ne, akawu a wata ma'aikata. Shi matan cocinsu ne suka turo shi, injin niƙa suke so. Ni ke tuƙa babur, shi ke rungume da littattafai a baya.

Malaminmu Dokta daga wata jami'a mai nisa yake zuwa duk Asabar, in mai bai ƙare masa a Tsafe ba. In ya ƙare, darasin ranar sunansa nazari na ƙashin kai. Mutumin kirki ne, ba na cin namansa, ga ilimi ga iya lacca. Ranar farko ya rubuta wa kowa dokar farko a allo: ba a cewa a taimaka mana, wannan bara ce, cewa ake mu haɗa gwiwa. Ya tambayi kowa abin da ya kawo shi. Na miƙe na ce gada.

"Kash, Malam Mas'udu," in ji Dokta. "Gada siminti ce. Mai tallafi ba ya jin siminti. Cewa za ka yi sauƙaƙa zirga-zirgar al'umma ta hanya mai ɗorewa, tare da la'akari da mata."

Na ce, "Dokta, ita wannan ɗin jaki zai iya hawa da kaya?"

Ya ce in riƙe tambayar sai zango na biyu.

Muka koyi abubuwa, wallahi ba ƙarya. Muka zana bishiyar matsala, saiwoyi su ne dalilai, rassa su ne illoli, na zana tawa ta yi kyau har Dokta ya manna ta a bango. Muka koyi cika wani jadawali mai gidaje kamar dara, inda za ka bayyana burinka, da manufarka, da maƙasudinka, da abin da kake son cim ma, kuma in ka kuskura ka rubuta abu ɗaya a cikinsu duka ka faɗi. Ni kuwa duk gidan da na duba gada nake gani. Muka koyi cewa mutanen ƙauye ba mutanen ƙauye ba ne, masu ruwa da tsaki ne. Wannan kam na yarda, don ruwa dai muna da shi har ya yi mana yawa.

A layin gaba akwai kujerar wani bawan Allah da ba zan faɗi sunansa ba, ni dai Garkuwan Alawus nake kiransa, Allah ya ƙara masa tafiye-tafiye. Ba kullum yake zuwa ba, aikin jama'a ya yi masa yawa, amma masinjansa ba ya fashi, kuma an shaida yana fahimta a madadinsa. Ranar da ya zo da kansa kuwa za ka ji ƙamshin turare tun daga matakala, ka leƙa ta taga ka ga motarsa a kunne ba kowa a ciki, don kada kujera ta yi zafi, a garin da likita ke tafiya asibiti a ƙasa. Sunan ƙungiyarsa Gidauniyar Ceto Talaka daga Talauci da Sauransu. Na taɓa tambayarsa, cikin ladabi, mene ne sauransun. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, ai ba ka san abin da Bature zai so baɗi ba." In an ce hamada, suna ciki. In an ce mata, suna ciki. In an ce kifi, a cikin sauransu yake.

Darasin da ya fi shiga kaina shi ne na ziyarar gani da ido. Dokta ya cire tabarau ya ce takarda bakin ƙofa kawai take kai mai tallafi, abin da idonsa ya gani shi ke buɗe jaka. Ya ce kada ku share gida, kada ku sa sababbin kaya, kada ku ɓoye ciwo. In akwai bango mai tsaga, nan za a ajiye masa kujera. In akwai mai labarin ban tausayi, a kawo shi gaba, a bar shi ya yi kuka, kada a ba shi haƙuri sai an ɗauki hoto.

Na rubuta takardar neman gadarmu, Dokta ya bi ta da jan biro har sai da kalmar gada ta rage sau ɗaya, ita ma a shafin ƙarshe. Aka aika. Ikon Allah, sai ga amsa: wata hukumar agaji za ta turo jami'arta, Baturiya, ta gani da idonta. Dokta ya yi murna ya ce wannan shi ne aikin gwaji na ajinmu gaba ɗaya. Ya tsara komai. Za a kawo ta bayan an yi ruwan sama, rafi ya ɗauko. Za ta cire takalmi ta shiga. Ya ce in ruwan ya kai mata gwiwa mun samu kwalbati, in ya kai ƙugu gada ce har da fitilu. Tana hayewa kuma, a daidai wurin, Kawu zai ba ta labarin Inna Asabe.

Na je Tunga da kaina na zayyana wa Kawu shirin tiryan-tiryan, a zaurensa, gaban dattawa. Ya saurara yana jan carbi, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To, mun jiya. Allah shi kawo ta lahiya." Na dawo gida ina fara'a.

Da yamma muna shan iska a ƙofar gida na ba Baban Godiya labari. Ya ajiye rediyonsa ya dube ni.

"Malam Mas'udu, ya ce maka zai yi?"

"Ya ce sun ji mana."

"Ji daban, yi daban. Na daɗe a garin nan, ban taɓa tambayar mutuminku yaya gida ya ce mini babu lafiya ba. Ka tuna da gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu? Na je jaje, yana tsaye a kan toka, hularsa na hayaƙi, na ce Alhaji yaya aka ji da wannan abu, ya ce mini sai alheri, ya kuma aika a sayo mini lemo. Wannan tsohon kake so ya tsaya gaban baƙuwa, mace, ya yi kuka?"

Na ce masa wancan zamanin jahiliyyar neman tallafi ne, yanzu akwai mai difloma a dangi. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya ɗauki rediyonsa.

Ranar ziyara muka ɗunguma, aji guda. Garkuwan Alawus, wanda bai taɓa jin sunan Tungar Bawa ba sai a makon, shi ya ɗauko Baturiyar a motarsa, don a cewarsa bai kamata baƙuwar jiha ta sha zafi ba. An yi ruwa a 'yan kwanakin, ina ta hamdala a zuci, ina cewa yau ƙugu ne in Allah ya so. Muka karya kwana ta ƙarshe, muka gangara bakin rafi. Sai na ji kalangu.

Jama'a, gada ce a gabanmu. Gada sosai, daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Ashe ina barin garin Kawu ya sa aka yi shelar gayya. Duk namijin da ke iya ɗaga gatari ya fito, har da na ƙauyukan kewaye. Suka kayar da giginya, suka cika buhunan taki da yashi, suka shimfiɗa itace, suka bi da kara, suka zuba marmara suka daɓe. Duwatsun nan na harsashi da manya suka aza, su suka tura cikin ruwa suka yi ginshiƙi da su, karon farko ke nan da suka taɓa yin aikin gada. Aka shafa farar ƙasa a gefe da gefe, aka kafa ganyen dabino a bakin shiga. Ruwa na wucewa ta ƙasa, ya kai ƙugu kuwa yadda muka roƙa, sai dai ba wanda zai taɓa shi.

Na dubi Dokta. Bakinsa a buɗe, tabarau a hannu. Baturiya kuwa ta fito da kamara tana ta ɗauka, ta taka gadar nan ƙwas ƙwas ta haye, ko ƙurar kirki takalminta bai ɗauka ba.

Cikin gari abin ya fi haka muni. An share ko'ina tas. Bangon makaranta mai tsagar nan da na sa rai a kansa an yaɓe shi. Kowa ya ci ado da kayan sallarsa, wanda ba shi da su ya aro. An ɗauko kujerun kushin da darduma daga Furfuri. Ga rago an gasa, ga kaji, ga masa da zuma, ga fura da nono a sababbin ƙore. Mutanen da na san a daminar nan sau ɗaya suke ɗora tukunya, su ne ke ta cewa a ƙara wa baƙuwa nama. Na zauna cikinsu kamar wanda aka yi wa mutuwa, ana ta miƙo mini cinya.

Aka zo wurin tambayoyi, ni ne tafinta. Baturiya ta buɗe littafinta ta ce in tambayi maigari mene ne manyan matsalolin garinsa. Na tambaya, ina ƙifta masa ido har idon ya fara ciwo.

Kawu ya gyara rawani ya ce, "Hwaɗa mata lahiya lau muke. Alhamdu lillahi ba mu rasa komi ba. Ga hatsi, ga bisashe, ga zaman lahiya. Ita za mu tambaya, ya gajiyar hanya?"

Na juya na ce mata da Turanci maigari ya ce suna cikin wani mawuyacin hali wanda baki ba zai iya faɗa ba. Ta yi murmushi, ta rufe littafin, ta ce da Hausa garau, "Malam, na zauna a Jos da daɗewa. Na ji abin da Baba ya ce." Na so ƙasa ta tsage in shige. Daga nan ta sallame ni daga aiki, ta fuskanci Kawu da kanta.

"Baba, rafin nan ba ya wahalar da ku?"

"Ruwa ai rahama na, ɗiyata. In ya cika mu jira, in ya sauka mu wuce."

"Wa ya gina muku gadar?"

"Yaran gari sunka yi ta. Gayya munka yi."

"Gwamnati ba ta ba ku komai ba?"

"A'a, kar mu ci amanatta. Ita tab ba mu duwatsu."

Baturiya ta rubuta, ta ja layi a ƙasa, ta sake ja. Na ga idonta ya kawo ruwa, amma ba irin ruwan da Dokta ya koya mana ba.

Da aka tashi salla na ja Kawu bayan zaure, raina a ɓace. Na ce, "Kawu, ka kashe mu! Me muka yi da kai a zauren nan?"

Ya ce, "Kai Mas'udu, boko ya ɓata ma kai. Macce ta baro ƙasassu, ta ƙetaro teku, taz zaka garinmu, sai mu tura ta cikin laka kamar saniya? Ta koma gida ta ce mi? Ta ce ta tahi Tungar Bawa an bar ta ta yi iyo? Ubana bai yi ma baƙo haka ba, ni ba ni hwarawa."

Na ce, "To Inna Asabe fa? Ko kalma ɗaya ba ka faɗa ba."

Ina rufe baki na yi da na sanin tambayar. Sannan ya ce, a hankali, "Asabe matata ta. Ina zaune da ita tun kana goye. So kake in tsaya gaban baƙuwa, ga makaɗa, ga mai hoto, in baje mutuwatta kamar tumatur a kasuwa a taya? In sai da hawayena za a yi gadag ga, a bar ta."

Haushinsa na ji, kunyar kaina na ji, tausayinsa kuma ya fi su duka. Na tsaya ina tunanin wace irin duniya ce wannan, da tsoho zai zaɓa tsakanin mutuncinsa da gadar da tun tuni aka ce an gina masa a rediyo. Shi kuwa ya sa takalminsa ya tafi duba ko an ɗaure wa baƙuwa kajin da za ta tafi da su.

A hanyar dawowa ban san abin da Garkuwan Alawus ya faɗa wa Baturiya a cikin sanyin motarsa ba, amma na ga sakamakon. Hukumar agaji ta aiko da yabo mai tsawo. Sun ce sun zaga ƙasashe ba su taɓa ganin al'umma mai dogaro da kai irin Tungar Bawa ba. Gada kam tunda akwai ta, ba sai an yi wata ba. Abin da ya dace shi ne a shirya gagarumar bita, a tara sauran ƙauyuka a koya musu Tsarin Tungar Bawa, su ma su daina jiran kowa. Wa zai shirya bitar? Gidauniyar Ceto Talaka daga Talauci da Sauransu. Ashe dogaro da kai ma a cikin sauransu yake. Babban mai gabatar da muƙala kuma Dokta.

Ni kuwa aka ba ni sakamako mafi kyau a aji. Na je na sami Dokta na ce ina jin an yi kuskure, ai faɗuwa na yi. Ya ce sam, abin da ake dubawa shi ne ko takardar ɗalibi ta jawo tallafi, tawa kuwa ta jawo fiye da na kowa. Na ce to gadar fa? Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Mas'udu, kai har yanzu siminti kake tunani." Baban Godiya ma bai tashi a banza ba. Matan cocinsu ba su sami injin niƙa ba, amma an gayyaci biyu daga cikinsu taron ƙara wa juna sani kan kula da injin niƙa.

Jiya aka buɗe bitar. Otal ya cika maƙil, janareto na ruri tun safe, ban san a wane layi ya samo mai ba. An raba jaka da hula da biro, kowanne da hoton gadarmu. An kwaso dattawa daga Tsafe da Wonaka an jera su a baya, su koyi yadda ake sare giginya don a rage wa hukuma nauyi. Sai da aka zauna aka gama addu'a sannan wani ya tuna babban baƙo ba ya nan. Motoci kuwa duk suna da uzuri, wata ta tafi ɗauko kaji, wata ta kai uwargida gidan biki. Aka waiwayo aka ce ai ga ɗan'uwansa nan da babur.

Kun ji inda kuka gan ni ina turi. Na bar babur wurin bakanike a Bunguɗu, na hau kabu-kabu, muka bi ta Furfuri cikin taɓo har bakin rafi. Tun daga nesa na ji ƙugin ruwa. An kwana biyu ana tafka ruwan sama, rafi ya cika ya haura gaɓa, ja wur, yana tafe da rassan itace. Gada babu ita babu alamarta. Gungumen giginya ɗaya na hango can ƙasa ya maƙale a jikin wata bishiya. Har duwatsun manya sun tafi da sunayensu.

A wancan ƙetaren ga Kawu cikin farar riga da rawani, da dattawansa, a zaune a gindin bishiya. Saƙon gayyata ya same su, sun shirya tun safe don kada a ce an kira su ba su amsa ba. Masu fito na gefe sun kife gorunansu. Na haɗa hannu a baki na ƙwala kira.

"Kawu! Ina wuni!"

"Lahiya lau!"

Bakina ya riga hankalina, na ji na ce, "Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara!"

"Kawu, gadar fa?"

"Ta gama aikinta! Baƙuwa ta isa gida lahiya?"

Na ce ta isa. Ya ce madalla, in ba manya haƙuri, in ce musu sun gode ƙwarai da karamci. Can gefensu na hango amalanken shanu an yi masa inuwa da tabarma, mata sun kewaye shi sun yi jugum. Na buɗe baki in tambayi wane ne a kwance a ciki, sai na fasa, don na san amsar da za a ba ni.

Ban iso otal ba sai bayan la'asar, an gama cin kaji. Ban makara da komai ba, in ji su, don Garkuwan Alawus ya riga ya karɓi lambar yabon a madadin al'ummar Tungar Bawa. An ce a jawabinsa ya bayyana cewa mutanen sun so zuwa, aikin dogaro da kai ne ya riƙe su, aka yi tafi har da tsayuwa. Na ga lambar da idona kafin masinja ya kai ta mota: katako ne mai kauri, mai faɗi, an goge shi yana sheƙi. Ni dai ba na hassada, Allah ya sanya alheri. Roƙona ɗaya gare ka, Garkuwan Alawus, ranka ya daɗe, kuma a yafe mini in ban tsara shi yadda aka koya mana ba: in an gama ɗaukar hoto da katakon nan a aika mana shi Tunga, da alama zai iya ɗaukar mutum ɗaya a kan ruwa.